Notuna Huɗu a Rumfar Yaya

A tsakiyar rumfar yayana, a layin masu walda na Kontagora, akwai notuna huɗu da aka dasa cikin siminti, kowanne ya leƙo sama kamar tsawon ɗan yatsa. Ba su riƙe da komai. Sun cinye mini takalma biyu, kuma sau ɗaya na yi tuntuɓe da su na zube a gaban jama'a, ni malamar makaranta guda, da jakata da littattafan ɗalibai. A kansu aka taɓa ɗaure injin da gwamnati ta ba Yaya. Duk sanda na gan su sai raina ya ɓaci sabo fil, domin ni na cike takardar da ta kawo injin, kuma ina tsaye aka yi hirar da ta tafi da shi.

Innarmu tana sayar da agushi tun kafin a haife ni. Wanda yake ganinsa fari tas a mudu bai san yadda ake raba shi da ɓawonsa ba. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, da farce, daga hantsi har la'asar, a tashi da abin da bai cika kwano ba. Yatsun Inna sun karkace a kan wannan aiki, har zobe ba ya shiga. Tun Yaya yana koyon walda ya yi alkawarin sai ya ƙera injin da zai hutar da ita, kuma shi mutum ne da in ya kafe a kan abu sai dai a bar shi.

Na farkon da ya ƙera niƙa agushin ya yi har da ɓawo. Na biyu ya riƙa feso shi waje, kajin layin suka yi ƙiba. Na uku ya ɓare kashi ɗaya ya farfasa kashi biyu. Inna ta duba abin da ya fito a faifai, ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Saura ka yi masa wurin zuba manja da daddawa, mu riƙa tarar miya kawai." Yaya ya san inda matsalar take. Gangar da ke juyawa a ciki dole ta zama zagayayya sumul, ratar da ke tsakaninta da jikin injin kuma daidai kaurin ƙwaya ɗaya. Wannan ba aikin guduma da ido ba ne. Sai da injin sassaƙar ƙarfe, wanda yake juya ƙarfe yana aske shi kaɗan-kaɗan, kuma a layinsu babu mai shi.

Ana nan sai na ji a rediyo an kawo wani shiri na tallafa wa ƙananan masana'antu su yi bincike da ƙirƙira. Ni ce auta, ni ce kuma 'yar bokon gida, saboda haka duk wata takarda a kaina take ƙarewa. Na zauna na mayar da rumfar kwano masana'anta. Tulin injinan da suka ƙi aiki a bayan rumfa na kira su matakan gwaji. Inda aka tambayi sashen tabbatar da inganci, na tuna Inna da faifanta, na rubuta cewa muna da ƙwararriya mai fiye da shekara arba'in a fannin. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kalmomin kawai na sa wa babbar riga.

Rumfar da ke jingine da ta Yaya ta wani Bakambare ce, mutumin wajen Auna, Kirista, wanda suka koyi walda tare da Yaya a hannun ubangida ɗaya. Mu dai Maƙwabci muke ce masa, har sunan ya bi shi. Kullum da safe benci ɗaya suke zama a wurin mai shayi, suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Da ya ga ina cike fom sai ya ce, "Malama, ni ba mutum ba ne? A cike mini nawa mana." Na cike masa, kusan kalma ɗaya da ta Yaya.

Duka biyun suka tsallake, amma injinan da za a raba ba su kai yawan waɗanda suka tsallake ba, sai aka yi ƙuri'a. Ta faɗa kan Yaya. Jami'in shirin ya tara mu ya yi bayani. Waɗanda suka samu rukuni ne, waɗanda ba su samu ba su ma rukuni ne, kuma ba a manta da su ba, za a riƙa duba su. Bayan shekara biyu masu tantancewa za su zo su gwada rukunin biyu. In an ga wanda aka ba ya zarce wanda ba a ba, injin ya zama nasa har abada. In ba a ga bambanci ba, za a ɗauke a kai wa wani. Maƙwabci ya tambaya, "To mu da za a riƙa dubawa, me za a ba mu?" Aka ba shi hular hana sallah mai tambarin shirin, da lambar rajista. Yaya ya sa hannu ba tare da ya saurari rabin bayanin ba, idonsa yana kan hoton injin.

Ranar da aka kawo shi, layin gaba ɗaya ya ajiye aiki. Kore ne, dogo kamar gado, mai nauyin tsiya. Aka haƙa ƙasa, aka zuba siminti, aka dasa notunan nan huɗu, Maƙwabci ne ma ya auna su. Masu shirin suka ɗauki hoto, suka sa Yaya ya riƙe sifana yana murmushi, suka tafi.

Akwai abin da masu shirin ba su sani ba game da layin masu walda, ni kuma na sani amma ban ba shi muhimmanci ba sai da lokaci ya ƙure. A layin nan kayan aiki ba su da mai shi sai ranar da suka ɓace. Mutum yana shiga rumfar wani ya ɗauki guduma, sallamar da ya yi ita ce neman izini. Wanda ya gano wata dabara da safe, kafin azahar kowa ya zo ya gani, kafin la'asar wani ya gyara masa ita. Haka ubangidansu ya koya musu, shi ma haka aka koya masa. Mutumin da ya hana aron kaya, ranar da aka yi masa haihuwa sai ya ci shinkafarsa shi kaɗai. Saboda haka injin gwamnati bai yi sati ba ya zama na kowa. Wannan ya zo gyaran ƙarfen keken ɗinki, wancan na injin ban ruwa, Maƙwabci kuwa har ya fi Yaya iya sarrafa shi.

Yaya ya sassaƙa gangarsa ta fito sumul, amma har yanzu agushin yana karyewa. Ya rage rata, ya ƙara rata, ya rage gudu, duk a banza. Ya rame, ya daina musu a wurin shayi, wanda a wurinsa alamar ciwo ce. Wata rana matar Maƙwabci ta kawo wa mijinta abinci, ta tsaya tana kallo, ta ce, "A bushe kuke zuba shi? A garinmu sai an yayyafa masa ruwa ya ɗan sha iska, ɓawon ya yi laushi." Maƙwabci kuma ya ce ƙarfe ya yi wa ƙwayar tsauri, ya yanko tsohuwar taya ya lulluɓe gangar da ita. Aka zuba mudu ɗaya. Ya fito fari, lafiyayye, ɓawo gefe ƙwaya gefe.

Aka kai wa Inna a faifai. Ta daɗe tana juya shi da karkatattun yatsunta tana neman karyayye. Da ta rasa abin tsokana sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta juya baya tana gyara ɗankwali. Ni a nan na yi kuka, ban ɓoye ba.

Daga nan aiki ya buɗe. Yaya yana ƙerawa, Maƙwabci yana ƙerawa, wasu biyu a layin su ma suka kama, kowa yana sassaƙa gangarsa a rumfar Yaya. Maƙwabci da yake yana da dangi a ƙauyuka, nasa ya fi tafiya. Ranar kasuwar Auna sai ka ga an ɗaure inji a bayan babur, wani a yi Ibeto da shi, wani Nasko. A lokacin ne na koma na karanta takardar da Yaya ya sa wa hannu, na gane inda aka dosa.

Na same shi na ce, "Yaya, ka san da wa za a gwada ka? Da mutumin nan da yake tsaye a kan injinka yanzu haka. In ya kamo ka, sun ce babu bambanci."

Ya ce, "To me kike so in yi, Auta?"

"Ka sa kwaɗo. Ko na wata shida ne."

Ya kalle ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. "In sa wa wa kwaɗo? Tayar da ke jikin gangar ta wa ce? Ruwan da ake yayyafawa dabarar wa ce? Gobe da wane ido zan zauna da shi a benci?" Ya mayar da gilashin walda fuskarsa, wato magana ta ƙare.

Tun da kwaɗo ya gagara, sai na koma koyarwa, sana'ar da na iya. Da aka aiko da ranar zuwan mai tantancewa, na zaunar da su biyun kamar 'yan jarrabawa. Na ce wa Yaya ya faɗi duk abin da ya yi, ya buɗe baki, in an tambaye shi ko zai iya ba tare da injin ba ya ce ko kusa. Na ce wa Maƙwabci shi aikinsa ya zama abin tausayi na yini ɗaya tak. Ya yarda yana dariya. Muka kwashe injinan da ya gama guda shida muka jera a bayan rumfarsa, muka rufe da tamfol. Ya nemo wata riga da tartsatsi ya gama hudawa, ya ɗora hular shirin. Na san abin da nake koya masa ba gaskiya ba ne, kuma na yi ba tare da na ji kunya ba.

Mai tantancewar malamin jami'a ne, Dakta ake ce masa, mutum mai ladabi, da 'yar kwamfutarsa a hannu. Ya ƙi zama sai da Yaya ya zauna. Ya yi mana bayanin aikinsa da misalin da yake ganin za mu gane. Ya ce kamar gonaki biyu ne, an zuba wa ɗaya taki an hana ɗaya, da kaka sai a auna a ga abin da takin ya ƙara. Inna, wadda ta zo da kujerarta don kada a yi babu ita, ta ce, "Ɗan nan, in gonakin suna jere a gangare kuma aka yi ruwa fa?" Dakta ya yi dariya ya ce Hajiya ta iya magana, ya shiga tambayoyinsa.

A nan Yaya ya watsar da duk karatun da na yi masa. Shi a tarbiyyarsa ba a faɗa wa baƙo samu, saboda baki, saboda kuma ba a san wanda ya aiko shi ba. Aka ce yaya kasuwa, ya ce ana lallaɓawa. Aka ce inji nawa ya ƙera, ya ce 'yan kaɗan ne, ba su taka kara sun karya ba. Aka ce dabarar tasa ce, ya ce shi wa, ai ta jama'a ce. Ina ta tari ina harararsa, ko kallona bai yi ba. Sai Dakta ya zo kan babbar tambaya.

"Malam, da ba a ba ka wannan inji ba, kana ganin za ka iya ƙera abin nan?"

Yaya ya gyara zama. "Dakta, abin da Allah ya rubuta zai faru, ko da inji ko babu inji. Injin sanadi ne kawai."

Maganar gaskiya ce, ba mai musunta ta. Amma a fom ɗin gurbi biyu ne kawai, na i da na a'a, kuma na ga inda yatsan Dakta ya sauka.

Muka zaga rumfar Maƙwabci, ina addu'ar ko shi ya fitar da mu. Da farko ya yi kyau. Ya langaɓe kai, ya ce aiki sai ɗan gyaran ƙofa da murhu. Dakta ya tausaya masa, ya ce, "Wato shi maƙwabcinka da aka ba inji, kai ba ka amfana da komai ba ke nan. Ya bar ka a baya." Ya faɗa ne kawai don ya tabbatar kafin ya rubuta. Sai na ga fuskar Maƙwabci ta sauya. Zai iya jure a kira shi matalauci, amma a rubuta a takardar gwamnati cewa abokinsa marowaci ne, wannan bai shiga cikin abin da muka shirya ba.

"Wa ya bar ni a baya? Wannan mutumin?" Ya cire hular ya jefar. "Malama, ki yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Oga, zo ka ga abin da mutumin kirki ya yi."

Ya ja Dakta har bayan rumfa ya yaye tamfol. Injina shida, sabon fenti yana ƙyalli. Ya shiga lissafa garuruwan da ya kai, da matan da suka daina ɓara da farce, da ɗakin da ya yi wa rufi. Ya kira sauran 'yan layi su ma su faɗi nasu. A zuciyarsa shaida yake bayarwa, yana ganin in gwamnati ta ji injinta ɗaya ya ɗaga layi guda, sai ta ƙara wa Yaya na biyu. Ni kuwa ina tsaye ina kallon garin neman gira ana rasa ido.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Dakta ya gane sarai. Har murna ya yi. Ya ɗauki hotuna, ya ce wannan abu sananne ne a wurin masana, amfanin tallafi ya malala zuwa waɗanda ba a ba ba, yana da suna ma a littattafai. Na ce to Alhamdulillahi, sai a rubuta. Ya ce a ina? Ya juyo mini da kwamfutar. Shafin Yaya daban, shafin Maƙwabci daban, can ofis za a ɗebe wannan daga wancan, abin da ya saura shi ne amfanin shirin. Na ce, "Dakta, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ka gani da idonka." Ya ce, "Malama, ni mudu aka aiko ni da shi." Ya yi alkawarin zai saka a wurin ƙarin bayani, wani ɗan gurbi a ƙasa da bai fi layi biyu ba. Na yarda ya saka. Ban yarda akwai wanda ya karanta ba.

Wasiƙar ta zo bayan 'yan watanni, ni na karanta musu. An gode wa Yaya da haɗin kai. Bincike ya nuna babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsa da takwaransa, kuma shi da bakinsa ya tabbatar zai iya ba tare da tallafin ba. Saboda haka za a mayar da injin inda zai fi yin tasiri.

Mutum uku suka zo da mota ɗaukarsa. Suka kwance shi daga notunan, suka yi ta nishi, ko motsi bai yi ba. Na tsaya na naɗe hannu ina jin daɗi, ina fatan su kwana a nan. Sai na ga Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kama gefe ɗaya, ya yi kira. A layin nan ba a kallon mutum yana fama da kaya, ko da kayanka yake ɗaukewa. Suka fito gaba ɗaya, da itatuwa da igiya, suka ɗora shi, har suka sa tsofaffin tayoyi a ƙarƙashi kada ya bugu a hanya. Na zage su tas, da Yaya da kowa. Maƙwabci ne kaɗai bai fito ba, yana cikin rumfarsa ya juya wa ƙofa baya.

Daga baya wani direba ya ba mu labarin inda injin ya sauka, a wani gari can gaba. Wanda aka ba ya gina masa ɗaki da ƙofar ƙarfe, mabuɗin yana aljihunsa. Ko kallo sai da izini. Maƙwabtansa suna nan yadda suke, shi kuma ya yi musu nisa, bambanci ya fito ƙarara. An ce har takardar yabo aka ba shi, ya rataye a bango.

Injin Inna yana aiki har yanzu, amma ganga tana cinyewa, kuma duk wadda ta cinye sai an yi doguwar tafiya a bi layi kafin a sassaƙa wata. Yawancin masu ƙerawa a layin sun koma ƙofa da taga. Maƙwabci ya yi wajen wata biyu bai zauna a bencin shayi ba. Yaya kuwa kullum sai ya sa a haɗa kofi biyu, ya aika masa ɗaya har rumfa, har ranar da Maƙwabci ya gaji ya dawo da kansa suka ci gaba da musu.

Ranar da na yi tuntuɓen nan na zube, na tashi ina kakkaɓe zani, na ce, "Yaya, don girman Allah, kai mai walda ne. Yanke notunan nan ba zai ɗauke ka minti biyar ba. Me kake jira?" A lokacin na lura da maiƙo a bakin zanina. Na duba ƙasa, kowane noti an shafe shi da giris sabo, babu tsatsa ko ɗigo.

Yaya ya yi nuni da haɓa wajen rumfar Maƙwabci. Ya rage murya ya ce, "Duk Litinin yake zuwa ya shafa, kafin in iso. Yana ganin ban sani ba." Ya ɗauki sandar walda yana juya ta a hannu. "Ki riƙa zagayawa, Auta. Ba nawa ba ne ni kaɗai da zan yanke."